ZARE: Waldar argon, daga Dutsen Dala zuwa bodar Jibiya

1/ Zaren yau dogo ne, ku gyara zama. Kan walda ne, musamman wadda masu sana'a ke kira waldar argon, Turawa kuma su ce TIG. In kun taɓa ganin bidiyon nan da ake jera ɗinkin walda a jikin bututu kamar an kwantar da kwabbai ɗaya kan ɗaya, to ita ce. Zan ba ku tarihinta, da yadda ake horar da hannu a kan baƙin ƙarfe, da dalilin da ya sa nake ganin mu 'yan bakin boda ya kamata mu fi kowa damuwa da ita.

2/ Ku riƙe abu guda tun daga nan, don shi za mu yi ta bi har ƙarshe: babban abokin gabar ƙarfe mai zafi iska ce. Wannan dai da muke shaƙa. Ƙarfe in ya narke, shan oksijin da naitirojin yake yi kamar yadda busasshiyar ƙasa ke shan ruwan farko. Da ya huce sai ka tarar da huji-huji a cikinsa, ko ya yi gautsi, a ɗora masa kaya ya ɓalle. Duk wata dabara da aka ƙirƙiro a walda, in ka bi diddiginta, hanyar kange iska ce daga wurin da ake haɗawa.

3/ Mu fara daga gida. Masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narkar da tama a gindin Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7. Labarin baka na Abagayawa ma cewa ya yi wani maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, ya zauna a wurin. In ka gangara Taruga, kusa da Abuja ta yau, mutanen Nok sun narka ƙarfe ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ba baƙi ba ne mu a harkar nan ko kaɗan.

4/ Maƙeran baƙi, wato masu ƙera gatari da fartanya da garma da takobi, sun iya haɗa ƙarfe biyu ba lantarki ba gas. A zuga wuta da zuga-zugi har ƙarfen ya bar ja ya koma fari-fari, a ɗauko da awartaki, a aza kan uwar maƙera, a hau shi da masaba. Dukan nan ba na ado ba ne. Shi ke matso ɓawon da iska ta haifar a fuskar ƙarfen ya fita waje, tsarkakakken ƙarfe ya sadu da ɗan'uwansa. Maƙera a sassa da yawa na duniya kan barbaɗa lallausan yashi a wurin, ya narke ya lulluɓe shi, iska ta rasa hanya. Ba su san kalmar oksijin ba, amma sun san mugun, sun kuma san maganinsa.

5/ A lokacin babu wani abu wai shi boda tsakanin Jibiya da Ɗan Isa. Bayan jihadi, wajen 1807, sarakunan Haɓe na Katsina suka koma arewa, zuriyarsu ta kafa Maraɗi, shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkin can. Tsakanin 1906 da 1908 ne wani Bafaranshe, Tilho, da wani Baturen Ingila, O'Shee, suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Gida ɗaya aka raba, har da maƙeransa.

6/ Abin da ya kashe narkar da tama a ƙasar Hausa ba yaƙi ba ne, jirgin ƙasa ne. Dogo ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turai ya biyo shi, sannan tarkacen jirgi da na mota suka cika gari. Wa zai kwana yana zuga tanderu alhali ga sifirin mota nan a yashe, ya fi kyau ya fi araha? Maƙera suka ci gaba da ƙira, amma ilimin fitar da ƙarfe daga dutse ya bi tsofaffi kabari. Wannan asara ce da ba mu cika lissafa ta ba.

7/ To mu leƙa waje mu ga abin da ake ciki a daidai wannan lokaci. A shekarun 1880 wani ɗan Rasha, Benardos, ya nuna za a iya narka ƙarfe da tartsatsin lantarki. A 1888 ɗan ƙasarsu Slavyanov ya yi amfani da sandar ƙarfe tsirara, ita ce ke ɗaukar wuta, ita ce kuma ke narkewa ta cike gurbi. Aiki ya yi sauri, amma ɗinkin ba ya ƙarko, don iska na shiga yadda ta ga dama.

8/ Sai wani injiniyan jiragen ruwa ɗan Suwidin, Oscar Kjellberg, wanda ya kafa kamfanin ESAB a 1904. Shi ya yi wa sandar riga. Rigar nan in ta ƙone tana fitar da hayaƙi ya kori iska, ragowarta kuma ta narke ta rufe ɗinkin, ita ce ɓawon da kuke gani yaron shago yana ƙwanƙwasawa da guduma. Yashin maƙeri ne dai aka naɗe a jikin sanda. Waldar da ake yi a kowane lungu daga Ƙofar Ruwa zuwa Fanteka zuwa kasuwar Jibiya, jikar wannan ce.

9/ Ga wani labari da ya sa duniya ta daina raina ɗinki. Ranar 16 ga Janairu 1943, sabon jirgin dakon mai na Amurka mai suna Schenectady yana tsaye a tasha a birnin Portland, ruwa a kwance, ba guguwa ba abokan gaba, kawai ya tsage kusan gida biyu. Ba shi kaɗai ba, jiragen Liberty da aka ƙera guda 2,710 a lokacin yaƙi, da dama sun tsattsage. Wata masaniya a Jami'ar Kambirij, Constance Tipper, ta nuna cewa ƙarfen da kansa gautsi yake yi in sanyi ya tsananta. Amma tsagar sai ta sami wurin farawa, kuma sau da yawa wurin shi ne kusurwa mai kaifi ko ɗan aibi a cikin walda wanda ido bai gani ba.

10/ Yanzu ga gwanar tamu. A shekarun yaƙin duniya na biyu kamfanin jiragen sama na Northrop a Kalifoniya ya so ƙera jirgin yaƙi da magniziyam, ƙarfe maras nauyi amma mai masifar son oksijin, in ya yi zafi a fili ci yake da wuta. Sanda mai riga ta kasa. Wani ma'aikacinsu, Russell Meredith, ya haɗa abu biyu a 1941: tsinken tangistin wanda ba ya narkewa, da iskar hiliyam da ake hurawa ta bakin abin riƙo ta lulluɓe wurin. Aka ba shi takardar mallakar fasaha a 1942, aka sa mata suna Heliarc.

11/ Abin dariya, jirgin da aka yi wahalar dominsa, XP-56, guda biyu kacal aka ƙera, bai yi abin kirki ba aka watsar. Jirgi ya mutu, walda ta rayu. Kamfanin Linde ya karɓi fasahar ya inganta ta, ta bazu.

12/ Me ya sa tangistin? Sai zafi ya kai digiri 3,422 yake narkewa, baƙin ƙarfe kuwa wajen 1,500 ya gama zama ruwa. Don haka tsinken yana tsaye, wuta na fita daga bakinsa kamar alƙalami, kai kuma da ɗaya hannun kana ɗiga wayar ciko. An raba aikin gida biyu kenan, zafi daban, ciko daban, kowanne a hannunka. Nan daɗinta yake, nan kuma wahalarta take.

13/ Me ya sa argon ta ture hiliyam? Hiliyam daga rijiyoyin gas na Amurka ake samunta a lokacin, ga tsada, ga ta da rashin nauyi, da ka sake ta sama take yi. Argon ta fi iska nauyi, kwanciya take a kan aiki. Rayleigh da Ramsay ne suka gano ta a Ingila a 1894, sunan kuma daga Girkanci ne, ma'anarsa malalaciya, don ba ta haɗuwa da komai. Kusan kashi 1 cikin 100 na iskar duniya ita ce, ana kuma tace ta ne a masana'antar da ke sanyaya iska har ta zama ruwa don fitar da oksijin. Kun ga ikon Allah: daga cikin iskar aka ciro mai gadin da ke tare iskar.

14/ Mu dawo Jibiya. Nan walda mota ta biyo. Kafin tsakiyar shekarun 1950 gyaɗar Maraɗi ta Kano take bi ta hau jirgi zuwa Legas, kuma duk inda manyan motoci suka yi sansani sai ka ga bakanike, ka ga mai faci, ka ga mai walda. Har yau haka ne a Magama. Bodin tirela ya tsage, ƙafar sifirin ta ɓalle, salansa ta huje, amalanken shanu, kurar ruwa, ƙofa da taga, injin niƙa, duk hannun masu walda suke bi.

15/ An taɓa yi mana mafarkin da ya fi haka. A zamanin Shagari aka buɗe kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina, tare da 'yan'uwansa na Jos da Oshogbo, kowanne an tsara shi ya fitar da tan 210,000 a shekara. Sai dai ɗanyen kayan daga Aladja, can kusa da Warri, aka tsara zai riƙa zuwa, Ajakuta kuma da aka fara tun 1979 kun san labarinta. A zamanin Obasanjo aka sayar da na Katsina ga kamfanin Dana. Da tsarin nan ya tafi yadda aka zana, da ƙananan masana'antu sun tsiro a gefensa, da waldar argon ta daɗe da zama ruwan dare a jihar nan. Tun da bai tafi ba, sai sana'ar ta tsaya a ƙofa da taga.

16/ Sannan ga boda mai buɗewa da rufewa kamar ƙofar shago. An rufe a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. A tsakani, Nuwamban 2019, aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ku tuna kuma mai walda a nan da janareta yake aiki. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai Maris 2024. Duk ranar da mota ta daina wucewa, mai waldar da bai iya komai ba sai gyaran bodi zaman kashe wando ya kama shi.

17/ Alhali ku dubi abin da ke gilmawa ta gabanmu. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, an ƙaddamar da shi a Fabrairun 2021, ta Jibiya zai ratsa. Bututun gas na AKK daga Ajakuta zuwa Kano kilomita 614 ne. In ka yi lissafi da bututu mai tsawon mita 12, gaɓa sama da 50,000 kenan, kowace sai an yi mata walda an duba. A Nijar ga matatar Soraz a Damagaram tun 2011, ga bututun ɗanyen mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin.

18/ Kada wani ya ce na ce duk da argon ake yin su. A'a. Ƙarfen dogo da wata hanya ake haɗa shi, manyan bututu kuma galibi inji ne ko sanda. Amma bututun cikin tasha, na matata, na masana'antar abinci da magani, ɗinkin farko na ciki wanda shi ne ran gaɓar, sau da yawa da argon ake yin sa. Kuma a wuraren nan ba a tambayar shekara nawa ka yi a shago. Bututu za a kafe maka a karkace, digiri 45, ba a juya shi, a ce zagaye. Sunan gwajin 6G. In ka gama a haska shi da na'urar hoto irin ta asibiti, ko a yanka a lanƙwasa.

19/ Ga inda nake da ƙorafi da mu kanmu. Mun saba auna walda da ido. A yi ta, a bi da giranda, a shafa fila, a fesa fenti, mai kaya ya ga tana ƙyalli ya biya. Kyan ɗan maciji. Ba laifin masu sana'ar ba ne su kaɗai, mai kaya ma araha yake nema, ba ya son jin cewa aikin kirki na cin lokaci. Amma tirelar da aka yi wa irin wannan gyara ita ce za mu haɗu da ita a hanyar Katsina, muna cikin ƙaramar mota.

20/ Wani zai ce, to ina ruwan argon da baƙin ƙarfe, ai ta alminiyam da silba ce. Gaskiya ne, in ƙofar gida za ka yi, sanda ta fi sauri ta fi araha, duk wanda ya ce maka ka yi get da argon so yake ka karye. Amma wurin koyo babu kamar baƙin ƙarfe. Guntayensa na nan zube a kowane shago. Kabon ɗin cikinsa kaɗan ne, bai wuce kashi 0.25 cikin 100 ba, don haka ba ya saurin tsagewa. Yana canja launi kana gani. Kuma argon ba ta da ɓawo, ba ta da hayaƙin da zai rufa maka asiri, duk rawar da hannunka ya yi sai ta fito a ɗinki kamar rubutun ɗan aji ɗaya.

21/ Ga yadda muke yi a shagon da nake zuwa in an yi hutun makaranta. Kafin a kunna inji, gurza. Baƙin ɓawon nan da ƙarfe ke zuwa da shi daga kamfani, da tsatsa, da fenti, da maiƙo, duk sai sun fita har ƙarfen ya yi fari tas, faɗin yatsa biyu kowane gefe. Sanda tana haƙuri da datti, argon ba ta yi. Oganmu ba ya barin yaro ya taɓa toci sai ya shafa farin ƙyalle a wurin ya ga bai yi baƙi ba.

22/ Saiti, a kan faranti mai kaurin milimita 3: wutar DC, toci a kan waya mai alamar ragi, maƙalin aiki a kan mai alamar tarawa, wato akasin yadda da yawa suka saba da sanda. In ka juya su tsinken zai narke ya dunƙule nan take. Ƙarfin wuta wajen amfiya 90 zuwa 120. Gas zallar argon, lita 7 zuwa 10 a minti. Ƙara gas fiye da kima ba ya ƙara kariya, guguwa yake tayarwa a bakin kofin ya jawo iskar da kake gudu. Tsinke mai kaurin 2.4, a fiƙe shi kamar fensir, a kuma wasa shi a tsaye, zanen dutsen ya bi tsawonsa. In ka wasa shi a kwance wutar yawo za ta riƙa yi.

23/ Makon farko ba a ba ka waya. Toci kawai. Ka tayar da wuta, ka jira ɗan kududdufin narkakken ƙarfe ya taru, ka tura shi gaba a kan layin da ka zana, faɗinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Tazarar bakin tsinke da ƙarfe kamar milimita 2 zuwa 3. Tocin ya ɗan kwanta baya kaɗan, digiri 10 zuwa 15. Ka jingina gefen hannu a kan wani abu, ka zauna daram, ka yi numfashi. Wallahi da yawa a nan suke gudu, don babu abin ɗauka a ɗora a TikTok. Layi ne kawai, a cika faranti, a juya, a sake.

24/ Sai a ba ka waya. Nan ne za ka gane hannunka na hagu baƙo ne a jikinka. Wayar tana shigowa a kwance ta gaban kududdufin, ka ɗiga, ka ɗan ja baya, ka matsa, ka ɗiga. Kududdufin ne ke narka waya, ba wutar ba. Kuma in ka ja ta baya kada bakinta ya fita daga inuwar gas, in ya fita ya sha iska, ka dawo da dattin cikin aikinka da hannunka. Masu himma har a ɗaki suke koyon tura waya da yatsu, suna kallon ƙwallo suna yi.

25/ Maganar waya: a nemi ta gaskiya, mai lamba ER70S-2 ko ER70S-6. Akwai silikon da manganis a cikinta, aikinsu kame ɗan oksijin da ya saci hanya ya shigo. Lamba 70 ɗin ƙarfin jan da za ta iya ɗauka ne, fam 70,000 a kan kowane inci murabba'i. Wayar ɗaurin rodi da ake amfani da ita a waldar kabaid, ko sandar da aka fasa wa riga, za su narke kam, amma kududdufin tafasa zai yi ya bar maka huji kamar saƙar zuma.

26/ Karatun ɗinki shi ne rabin sana'ar. In ya fito yana ƙyalli, fari-fari ko ruwan zuma ko ɗan shuɗi, gas ya yi aikinsa. In ya yi toka-toka ya dushe, ko zafi ya yi yawa ko ka cika nawa. In ya taru ya yi tudu kamar igiya a kan ƙarfe, wuta ta yi kaɗan, bai shiga ba. In gefensa ya zaizaye ya yi kwari, wuta ta yi yawa ko waya ta yi kaɗan, kuma daga irin wannan kwarin tsaga ke farawa, ku tuna jirgin Portland. In tsinke ya taɓa kududdufi, tsaya, cire, sake fiƙewa. Babu wayo a nan. Shi ya sa ake fiƙe biyar ko shida a ajiye kafin a zauna.

27/ Ƙarshen layi ma darasi ne. In ka ɗauke wuta farat ɗaya, rami zai zauna a wurin, wani lokaci da 'yar tsaga a tsakiya. A rage wutar a hankali, a ƙara ɗigo ɗaya, sannan a bar tocin a wurin daƙiƙa kaɗan gas na zuba har jan ya mutu.

28/ Sai kuma abin da littafin Bature bai damu ya gaya mana ba: hunturu. Shagunanmu rumfa ce a bakin titi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma iskar arewa ba ta neman izini. Iskar da ba za ta ɗaga hular kanka ba ta isa ta share argon daga kan aiki. Fanka ma haka. Sai ka ga yaro ya yi komai daidai, ɗinki na ta hujewa, ya fara zargin inji. A kewaye teburin da tsohon kwano ta ɓangare uku, a juya wa iska baya, a yi atisaye da sassafe kafin ta taso. Ƙurar ma a goge ta daga kan waya. Iskar nan fa, sunan da ake kiran marasa kunya da shi ba a banza aka samo shi ba.

29/ Lafiya, don Allah. Baƙin gilashin kasuwa ba ya tare hasken nan, kuma na argon ya fi ƙona fata don babu hayaƙin da ke rage shi. Hular walda mai duhun lamba 10 zuwa 12, riga mai dogon hannu, safar hannu. Kada a yi atisaye a kan ƙarfe mai rufin zinki, irin farin bututun ruwa, hayaƙinsa na sa zazzaɓi. Tsinke mai jan kai akwai sinadarin toriyam a cikinsa, ƙurar wasa shi ba ta shaƙa ba ce, in da hali a sayi mai shuɗi ko ruwan gwal. Tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ba a kusantarsa da wuta don kawai an ce babu komai ciki, tururin ne ke fashewa. Argon kuma ba ta da wari, in ta taru a cikin tanki ko rami ta kore iskar numfashi, mutum sulalewa kawai zai yi.

30/ Kuɗi fa? Injinan zamani ƙanana da ke shigowa daga Sin sun sauƙaƙa abin, da yawansu sanda da argon duka suke yi, ba sa kuma cin wuta kamar tsohon tiransifoma. Gas ɗin ne matsala, don sai an kai tukunya babban gari an ciko. Shawarata, mutum huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su riƙe tukunya ɗaya, a raba lokaci. A duba tiyo da ruwan sabulu kada ya riƙa yoyo, a rufe kan tukunya duk lokacin da aka tashi. Masu neman takarda kuma su bincika ITF, da Ƙauyen Sana'o'in Matasa na Katsina, da kwalejin PTI ta Effurun wadda tun shekarun 1970 take horar da ma'aikatan harkar mai.

31/ Bayan layi a fili sai haɗi: baki da baki, ɗaya kan ɗaya, sannan mai siffar T, wanda ya fi ba da wuya don wutar na son tsallakawa bango ta bar kusurwa. A ɗan ɗiga a kama ƙarshe da ƙarshe kafin a fara, in ba haka ba zafi zai ja farantin ya buɗe baki. In an ƙware a kwance a koma tsaye, a koma sama da kai, sannan bututu.

32/ Na ƙarshe, kuma shi ne wanda ba a son yi: a karya. Haɗin T, a yi masa walda gefe ɗaya kawai, a matse a bais, a buga da guduma ta bayan har ya kwanta a kan ɗinkin ya buɗe. Duba cikin. In ka ga gefen farantin nan da kaifinsa kamar yadda aka yanko shi, wuta ba ta kai kusurwa ba, ɗinkin zama kawai ya yi a sama komai kyansa. Na baki da baki kuma a yanko tsiri mai faɗin yatsa biyu a gicciye, a gurje tudun ya yi daidai da faranti, a lanƙwasa shi ya koma kamar harafin U, ɗaya ta fuska ɗaya ta baya. A rubuta kwanan wata da amfiya da litar gas a jikin kowanne da alli, a jefa a bokiti. Bayan wata guda a zazzage bokitin a jera su a ƙasa.

33/ Masu sana'ar da ke nan, na Jibiya da na Ɗan Isa da na Maraɗi, ku ɗoro mana hotunan naku a ƙasa, amma wanda aka karya, ba wanda aka fesa wa fenti ba. Zare na gaba kan alminiyam ne in Allah ya kai mu.